Rula ko Ido: Ta Ina Mai Sha'awar Zane Zai Fara Koyon Nisa da Kusa?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar fensir ya ce bari ya zana layin unguwarsu ya san wannan takaicin. Ƙofofi sun fito, tagogi sun fito, har indararo bai ɓace ba, amma titin ya ƙi kwanciya. Maimakon ya miƙe ya shige ciki, sai ya tashi tsaye kamar tabarmar da aka jingina da bango, gidan da ke can ƙarshen layi kuma ya zo ya hau kan na kusa. Na daɗe ina fama da wannan kafin na san abin yana da suna, kuma koyonsa ake yi. A makaranta fasfektif suke ce masa. Ni nisa-da-kusa nake kiransa, domin aikinsa ke nan, ya sa shimfiɗaɗɗiyar takarda ta nuna wannan yana kusa, wancan yana nesa.

Ban yi makarantar zane ba. Sana'ata daban ce, zane kuwa sai Asabar da Lahadi, ko bayan la'asar in an samu sarari. Mai irin wannan hali lokacinsa kaɗan ne, shi ya sa tambayar ta ina za a fara take da nauyi a wurinsa. Hanyoyi 2 ne a gabansa. Ko ya zauna a tebur da rula ya koyi ƙa'ida, yana gina akwatuna daga layukan da ya ja da kansa, ko ya ɗauki takarda ya fita ya auna abin da ke gabansa da ido da tsinin fensir. Na bi dukkansu, kowacce na ba ta watanni, kuma abin da suke koyarwa ba ɗaya ba ne.

Akwai abubuwa 2 da hanyoyin suka yi tarayya a kai. Na farko layin ido, wato tsayin idonka daga ƙasa in ka ɗauke shi a matsayin layi kwance da ya ratsa duk abin da kake kallo. Kana tsaye yana wajen mita 1 da rabi, ka zauna a tabarma ya sauko ƙasa da mita 1, ka hau Dutsen Dala ya bi ka can sama, shi ya sa daga can rufin gidaje kake gani. Na biyu magama. Ka tsaya inda titi ya tsallake layin dogo ka dubi ƙarafan nan biyu. Daga Legas har Kano ba su taɓa haɗuwa ba, amma a idonka suna ta matsowa har su game a wani ɗigo can nesa. Ɗigon nan shi ne magama, kuma muddin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, a kan layin ido yake zama.

Hanyar rula an san inda ta faro. A birnin Fulorens na Italiya, a farkon ƙarni na 15, wani magini mai suna Filippo Brunelleschi ya zana ginin ibadar nan mai kusurwa 8 da ke fuskantar babban cocin garin, a kan ɗan allo, bisa lissafin layuka. A 1435 Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa'idar a littafi, ya ce mai zane ya ɗauki filin zanensa tamkar buɗaɗɗiyar taga. A Najeriya ma ta wannan ƙofar abin ya shiga aji. Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode a 1882, ya yi karatun zane a Landan da Faris, ya dawo a 1922 yana koyarwa a makarantun Legas, kuma saboda yawan nacinsa a kan wannan darasi har ɗalibai suka yi masa laƙabi da sunan darasin.

Daɗin rula shi ne tun ranar farko za ka ga abin da ka yi. Ka ja layin ido, ka ɗiga magama ɗaya, ka zana fuskar akwati a gefe, ka ja layi daga kowace kusurwa zuwa ɗigon, ka datse inda kake so. Akwati ya fito da cikinsa da zurfinsa. Wanda ke ƙasan layin ido samansa ake gani, wanda ke bisa layin ƙasansa ake gani. Daga nan ka koma magama 2, don ginin da kake kallo ta kusurwarsa, sannan 3 don dogon ginin da kake ɗaga kai ka kalla. Kayan aiki kuwa rula ce da fensir da kilina da takarda. Ba rana, ba ƙura, ba mai leƙen kafaɗarka, kuma da daddare ma ana yi in akwai fitila.

Akwai kuma dabarun da ido shi kaɗai zai daɗe bai gano ba. Ga bango ya karkata ya shige ciki, kana son ƙofa a tsakiyarsa daidai. In ka auna ka raba biyu ka yi kuskure, domin rabin da ke kusa da kai dole ya fi na nesa faɗi a takarda. Sai ka ja layi daga kusurwa zuwa kishiyarta, ka ja wani ya gicciye shi, inda suka haɗu nan ne tsakiya. Haka jerin falwaya a bakin titi. Ka kafa ta farko da ta biyu, ka ja layi daga kan ta farko ya ratsa tsakiyar ta biyu ya sauka ƙasa, inda ya sauka nan gindin ta uku yake, haka har ƙarshen titi. Ranar da na koyi wannan na cika takarda da turaka saboda murna. Wanda ke son zana abin da babu shi a gabansa, gidan da yake burin ginawa, ko shagon da za a yi wa kanta, ko ɗakin da labarinsa na zane zai faru a ciki, ba shi da abin da zai maye masa gurbin wannan. Ba ya da abin kallo, ƙa'ida ce kawai za ta riƙe masa bangon.

Matsalarta ta farko ƙarama ce. A zanen magama 2, yawanci ɗigogin a wajen takarda suke faɗawa, ga shi takardar A4 ba ta kai santimita 30 ba ko a tsawonta. Mai koyo sai ya matso da su ciki don sauƙi, kusurwar ginin ta yi tsini kamar gaban kwalekwale. Maganinsa ka manna takardar a kan tsohuwar jarida ka ɗiga magamar a can, ko ka kafa ƙusa 2 a jikin katako ka ɗaura zare. Ka kuma riƙa gwada gindin kusurwar da ke kusa da kai da kusurwar wata takarda. In ya fi ta tsini, ɗigogin sun matsu da yawa.

Babbar matsalar ita ce rula duniyar bulo da siminti ta sani, inda kowane bango yake miƙe, kowace kusurwa take daidai. Bayan watanni ina akwatuna, na ɗauki takarda na zauna ina fuskantar Gidan Makama, na rasa inda zan sa ɗigo. A tebur ni nake zaɓar magama, gini ya biyo ta. A nan ginin yana tsaye tun kafin a haifi kakana, ni ne zan nemo magamarsa, kuma babu abin da na koya da ya nuna mini yadda ake nema. Ga shi ginin ƙasa ba ya bin rula. Maginin gargajiya yana faɗaɗa gindin katanga ya riƙa tsuke ta yana hawa, kusurwoyi a mulmule suke saboda yaɓe da ruwan damina, zankwaye kowanne da irin tsayuwarsa. Ka dubi hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin mita 27. Tsukewar da take yi zuwa sama a jikin ginin take, ba idonka ne ya yi ta ba. Wanda ya saba da ƙa'ida kawai zai yi ɗayan biyu, ko ya miƙar da ita ya ɓata kamanninta, ko ya ɗauka magama ta uku ce ya karkatar da duk gidajen da ke gefenta su ma. Lungunan cikin birni kuma ba miƙaƙƙu ba ne. Kowane gida da inda ya fuskanta, wato kowane bango da tasa magamar. A lungu ɗaya za ka iya samun 5 ko 6.

Hanyar ido daga nan take farawa, kuma kayan aikinta fensir ne da hannunka. Ka miƙe hannu gaba ɗaya, gwiwar hannun kada ta lanƙwashe, ka rufe ido ɗaya, ka daidaita tsinin fensir da saman ƙofar da kake kallo, ka zame babban yatsa zuwa gindinta. Wannan ne mudunka. Da shi za ka tambayi komai, bangon nan ƙofa nawa ne a faɗi, soron can ƙofa nawa ne a tsayi. Karkatar layi kuwa, ka riƙe fensir a kwance a gaban idonka ka ga yadda saman katanga ya rabu da shi, ko ka karanta shi kamar hannun agogo, ƙarfe 2 ne ko 2 da rabi, sannan ka sauke shi a takarda yadda ka karanta.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne a kasuwa. A zane kuwa sai an sa masa mudun, domin akwai wanda ke shiga tsakaninsa da hannu. Gwada wannan da kanka. Tsakanin ido da fensir a miƙaƙƙen hannu wajen santimita 60 ne. Ƙofa mai tsayin mita 2 in tana nisan mita 10 za ta ci santimita 12 a jikin fensir. A mita 20 ta koma 6, a mita 40 ta koma 3. Duk sanda nisa ya ninka, girma ya ragu da rabi. Amma hankalinka ya riga ya san ƙofar can nesa mutum ke shiga ta cikinta, sai ya ƙi yarda ta zama ɗan guntun nan, ya sa hannunka ya ƙara mata girma. Ƙarin nan da ake yi wa kowane abu na nesa shi ne yake tayar da titi tsaye. Ibn al-Haytham, mutumin Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira kimanin shekara 1000 da suka wuce, ya yi bayani a Kitab al-Manazir cewa haske ne ke tahowa daga abu zuwa ido a miƙe, kuma girma da nisa hankali ne ke hukunta su bisa abin da ya saba. An fassara littafin zuwa Latin, malaman Turai suka karanta shi ƙarnuka, kalmar fasfektif ma kanta da farko sunan ilimin gani ce. Aikin mai aune da fensir shi ne ya raba abin da ido ya karɓa da abin da hankali ya ƙara.

In kana son ganin wannan ƙuru-ƙuru, nemi gilashin tsohon firem na hoto da alƙalamin maka mai rubutu a kan gilashi. Ka tsayar da gilashin tsakaninka da tsakar gida, ka rufe ido ɗaya, kada kanka ya motsa, ka bi layukan da kake gani a jikinsa. Albrecht Dürer na Jamus ya buga hoton irin wannan na'ura tun 1525. Ka ɗora gilashin a farar takarda ka duba. Filin tsakar gidan da kake ganin ya cika ido, a gilashi ɗan siririn yanki ne. Yamma ɗaya da gilashin nan ta gyara mini abin da wata guda na akwatuna bai taɓa ba.

Akwai abubuwan da a waje kawai ake koyonsu da kyau. Ɗaya shi ne da'ira. Bakin randa, faifai, murfin tukunya, bakin rijiya, duk in ka kalle su daga gefe sai su latse, kuma gwargwadon kusancinsu da layin ido gwargwadon latsewarsu. Marinar Ƙofar Mata makaranta ce guda a kan wannan, ramukan rini jere a ƙasa, na gabanka a buɗe, na tsakiya sun fara tsukewa, na can ƙarshe kamar tsaga. Ka lura gefunan ba sa yin tsini irin na ganye, ko yaya suka tsuke a mulmule suke juyawa. Da rula ma ana iya gina da'ira a cikin akwati, amma kafin ka gama ɗaya mai ido ya yi 10. Ɗayan kuma hazo ne. Lokacin hunturu ka hango Goron Dutse daga Dala, ya yi fari-fari, gefunansa sun narke, alhali katangar da ke gabanka baƙinta da tsagoginta a fili. Ka danna fensir mai duhu (2B) a na kusa, ka shafa wanda bai kai shi duhu ba (HB) sama-sama a na nesa, zurfi zai fito ko da layukanka ba su cika daidai ba. Rula ba ta da labarin wannan.

Sai dai hanyar ido tana da tsada, kuma ba ta kuɗi ba. Tana da jinkiri. Makonnin farko zanenka zai fito a karkace ba ka san dalili ba, domin ba ka da ƙa'idar da za ta ce maka ga inda ka kauce. Da yawa a nan suke ajiye fensir. Inuwa kuma ba ta jira, cikin minti 40 ta sauya wuri, rana kuma in ta take ba a zaman waje, sai da hantsi ko bayan la'asar. Sannan ga jama'a. Yara za su kewaye ka, wannan ba komai, har sukan nuna maka abin da ka tsallake. Manya ne abin kula. Mutum zaune yana kallon gida yana rubutu, a wannan zamani, dole a yi masa tambaya. Ka yi sallama ga dattawan da ke dakali, ka ce, "Baba, zane nake koyo, ko zan iya zama nan in zana katangar can?" ka nuna musu littafin. Kada ka zauna kana fuskantar cikin zauren mutane. Barikin soja, ofishin 'yan sanda da banki kuwa, ka yi nesa da su gaba ɗaya.

'Yan'uwa mata da zaman bakin titi zai yi wa wuya, ba ku rasa komai ba. Tsakar gida tana da duk darasin, ga ƙofar ɗaki a buɗe rabi wadda ita kaɗai take da magamarta daban da ta bango, ga igiyar shanya, ga turmi da randa, ga layukan tayil. Wanda kuma yake kaffa-kaffa da zanen abu mai rai saboda addini, wannan fanni gini ne da titi da itatuwa, yana iya shekara yana aiki bai zana fuska ba.

Za a ce ga waya, me zai hana a ɗauki hoto a kwafa a ɗaki? Ana yi, kuma ya fi zama haka nan. Amma kyamara ta riga ta yi maka aikin da kake son koya, ta mayar da duniya shimfiɗaɗɗiya, kai kwafe kawai ya rage maka. Kyamarar yawancin wayoyi kuma tana ɗaukar fili mai faɗi, tana jan abin da ke gefe, in ka ɗaga ta sama kaɗan gine-gine su karkata ciki. Manhajoji irin Sketchbook da Krita suna da rular da ke jan kowane layi zuwa magama da kanta, wanda yake taimako ga wanda ya riga ya iya. Amfanin hoto guda ɗaya da nake ganin babu kamarsa shi ne ka buga shi a takarda, ka ɗora rula a kan layin rufi da na tagogi da na gindin bango, ka zarce da su da jan biro har su game. Hoto 10 in ka yi wa haka, za ka fara ganin magama a titi ba tare da biro ba.

To, wacce za a ɗauka? In abin da ke ranka zanen gini ne na sana'a, ko kafinta ne kai kana son nuna wa mai aiki yadda kabad zai kasance kafin a yanka katako, ko labari kake zanawa daga kanka, ka zauna da rula, ka ba ta watanni, ka jure rashin daɗinta. In kuwa irina ne kai, abin da ke jan ka shi ne garinku, lungunku, kasuwarku, to ido ne hanyarka, rula kuma ka ba ta mako 2 kacal. A cikinsu ka koyi abu 3, layin ido, magama ɗaya da biyu, da gicciyen nan na nemo tsakiya. Kada ka jira sai ka ƙware, domin akwatuna ba sa ƙarewa, kullum akwai wani darasin a gaba da zai hana ka fita. Na fi karkata ga ido ne saboda shi Brunelleschi ɗin ma da ya gama lissafinsa, huda allon ya yi, ya sa mutum ya tsaya inda shi ya tsaya lokacin zanen, ya leƙa ta hudar, da madubi a hannu, ya ga zanen a madubi, ya kawar da madubin ya ga ginin, ya gwada ko sun dace.

Yadda nake yi yanzu ke nan. Ina zama, kafin komai sai na nemo layin ido. Nakan riƙe littafin a kwance daidai idona har sai bakinsa kawai nake gani, in lura da inda ya yanki bangon gabana, in ja layin sama-sama a takarda. Duk layin da ke bisansa gangarowa zai yi yana nisa, duk wanda ke ƙasansa hawa zai yi. In ina tsaye kuma ƙasa a shimfiɗe take, kawunan masu wucewa, na kusa da na nesa, duk a wajen layin nan suke, ƙafafunsu ne ke hawa. Sauran aikin na fensir da babban yatsa ne, ba na fito da rula a waje. Sai na dawo gida nake ɗora ta a kan zanen, in zarce da layukan rufin kwano da tagogi da jan biro, in ga ko sun game a kan layin ido. Wanda ya kauce in sa masa alama, Asabar mai zuwa in koma wurin in sake auna shi. Saman katangar ƙasa da zankwaye kuwa ba na ɗora musu rula, yadda na auno su haka nake barinsu.